KU ƘYALE YARAN NAN SU ƊAUKI HOTON GURE



Yau za mu yi wata magana da wasu ba za su ji daɗinta ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar kasuwar da ta wuce, wani yaro ɗan fadarmu ya shiga kasuwar dabbobi da sassafe, ya tsaya daga gefe yana ɗaukar raƙuma da wayarsa, daidai lokacin da rana ke ɓullowa ta cikin ƙura. Kafin ka ce kwabo mutane sun zagaye shi. "Kai, wa ya aiko ka? Wa kake ɗaukar wa? Nawa suka biya ka?" Wani ya fizge wayar. Yaron ya rantse, ya faɗi sunan mahaifinsa da unguwarsu, aka ce ba a yarda ba sai ya goge. Cikin tsoro ya goge duk abin da ke ciki: hotunan daminar bara, na kwarin ƙauyen kakanninsa, da na wani tsohon mai algaita da ya ɗauka wurin wani biki, wanda yanzu ciwon ƙirji ya hana shi busa. Aka miƙa masa wayarsa, aka ce Allah ya shirye shi.

A cikin wannan satin kuma, wata kat-kat ta furoje ta tsaya a bakin wata rijiya. Baƙi suka fito da kamara mai dogon baki, suka zaɓi yaran da suka fi kowa ƙura a jiki, suka jera su, suka ɗauka, suka shiga mota suka tafi. Babu wanda ya ce musu kanzil. Wasu ma har da gyara wa yaran tsayuwa.

To jama'a, wannan wane irin lissafi ne? Ɗan gari ya ɗauki raƙumi a ce ɗan leƙen asiri ne, baƙo ya ɗauki ƴaƴanmu a ce masa sannu da zuwa?

Abin da muke son faɗi ke nan tun daga farko: garin da bai ɗauki hoton kansa ba, wani ne zai ɗaukar masa, kuma abin da ya ga dama shi zai nuna wa duniya. Waɗannan yara da ke yawo da waya suna ɗaukar kasuwa, da kwari, da duwatsu, da makaɗa, aiki suke yi mana, ko da su kansu ba su gama sanin girmansa ba.

WA YA RIƘE HOTONMU?

Duk mai mega a wayarsa ya gwada. Rubuta Gouré a Google, ka shiga wajen hotuna. Me za ka gani? Taswira, allunan furoje, taron raba kaya, manya zaune a bayan tebur, sai yashi. Wanda bai taɓa bin hanyar Damagaram zuwa Diffa ba zai ɗauka nan babu komai sai rairayi da jiran agaji. Ina Gure ɗin da muka sani? Ina dutsen da garin ya jingina da shi? Ina duwatsun Kutus idan damina ta yi kyau suka yi shar? Ina Manga da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye a kasuwa guda, kowa da irin naɗin rawaninsa, ana ciniki da harshe uku a kan akuya ɗaya?

Wannan ciwo ba yau ya fara ba. A watan Disamba na 1852, Bajamushe Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdul Karim, ya biyo ta Gure a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, zamanin Muniyoma Koso. Ya rubuta abin da ya gani, ya koma Turai aka buga. Yau ɗalibinmu da ke Jami'ar André Salifou a Damagaram, in yana son sanin yadda babban birnin Muniyo yake a wancan ƙarni, dole ya bi ta littafin baƙon da ya yi ƴan kwanaki kawai a nan. Hotunan zamanin mulkin mallaka kuma, da yawansu suna ma'ajiyar Faransa. A 2005 da aka yi ƙarancin abinci, ƴan jaridar duniya suka cika Maraɗi da Damagaram, hoton da suka fitar na yara masu tamowa shi ya zama fuskar Nijar a idon mutane da yawa har gobe. Ba mu ce ƙarya suka ɗauka ba, an yi yunwar. Amma wanda aka ɗauke shi ranar da yake kwance kaɗai, ai an zalunce shi, tunda yana da ranar Sallah.

Kakanninmu suna da uzuri, ba su da kamara. Mu fa? Yau kusan kowace fada akwai waya mai kamara. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mai ita ya yi shiru, kuma in ɗansa ya buɗe baki sai a toshe.

YASHI BA YA JIRAN KOWA

Mu da ke zaune a Gure mun fi kowa sanin cewa ƙasar nan tafiya take yi. Kwarurrukan da ake noman rogo da rake da albasa, inda dabino da goruba ke tsaye, inda ake kwasar kanwa, yashi na bin su ɗaya bayan ɗaya. Tun farin 1973 da na 1984 tsofaffi ke faɗa mana: nan da tafki ne, can da kurmin goruba ne, wancan tudu da babu shi. Muna jin su, muna cewa to. Amma gani ya kori ji. In ka ce su nuna maka, babu abin nunawa.

Kun san da me masu bincike ke auna yadda tudun rairayi ke cin ƙasa a wannan yanki? Da hoto. Suna ɗauko hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama tun shekarun 1950, su gwama da na tauraron ɗan Adam na yanzu, su ce ga inda yashi ya ci, ga inda ya tsaya. Furoje irin su PLECO da suka yi aikin kafe yashi a yankin Gure da Maine-Sorowa, su ma rahotonsu cike yake da hoton kafin aiki da na bayan aiki. Wato hoto hujja ne, har kuɗi ake nemowa da shi.

To me zai hana mu riƙe tamu hujjar? Abu ne mai sauƙi. Yaro ɗan Kilakina ko Gidigir ko Bune ya zaɓi itace guda a bakin kwarinsu, ya jingina bayansa da shi, ya fuskanci waje guda, ya ɗauka. Sau biyu a shekara: bayan girbi, da kuma tsakiyar bazara. Ya rubuta rana da sunan wurin. Shekara goma yana haka, wallahi abin da ke hannunsa ya fi dogon jawabi. Ranar da aka ce an kashe kuɗi an yi shingen kalimbo an dasa itace, hotonsa zai nuna ko shingen ya riƙe yashin ko iska ta tafi da shi. Ranar da aka yi gardamar iyakar gona ko burtali, hotonsa zai yi magana. Wannan yaron ne kuke cewa ba shi da aikin yi?

MAKAƊANMU NA TAFIYA

Mu zo kan kiɗa, don nan ne abin ya fi ƙona mana rai.

Kowa ya san Malam Maman Barka, haifaffen Tesker, kuma Tesker a ƙarƙashin Gure take kafin ta zama departama mai zaman kanta a 2011. Mushe ne mai koyarwa a lakwal kafin gurminsa ya zagaye ƙasar nan. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi Tafkin Chadi wajen Bukar Tar, tsohon da ake ganin shi kaɗai ya rage wanda ya iya kaɗa biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar jirgin ruwa. Ya zauna ya koya, ya fito da biram har Turai. Ya rasu a watan Nuwamba na 2018, Allah ya jiƙansa. Yau in kana son ganin yadda ake rungumar biram, da yadda yatsu ke bin tsirkiya, za ka gani, saboda an ɗauki Maman Barka a hoto da bidiyo. Da ba a ɗauka ba, da sai dai labari.

Yanzu mu tambayi kanmu: Bukar Tar nawa ke zaune a ƙauyukanmu babu wanda ya je wajensu? Mai algaitar fada, mai gangar Manga, mai gogen da ake kira daga nesa, bafulatanin da ke busa sarewa a bakin rijiya, matan da ke waƙar daka da ta niƙa wadda injin niƙa ya kusa kashewa. Wa ke da hotonsu? Wa ya san sunan wanda ya koya musu? Biki yanzu ya koma na DJ da manyan sifika, ƴaƴan makaɗa sun koma kabu-kabu ko sun tafi Djado neman zinariya. Ranar da tsohon ya faɗi, sai mu cika Facebook da "Allah ya jiƙan gwani", a rasa hoto ko ɗaya mai kyau da za a sa, sai wani dishi-dishi da aka yanko daga gefen hoton ango. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku dubi Mali. Malick Sidibé ba sarakuna ya bi ba. Samari da ƴan matan Bamako ya riƙa bi wuraren rawa da bakin kogi a shekarun 1960 da 1970, yana ɗauka, yana adana fim ɗinsa cikin kwalaye. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta Venise a Italiya, kuma tun 1994 Bamako ke karɓar babban taron masu hoto na Afirka. A nan gida muna da Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki daren Yamai a waɗannan shekaru, ya rasu a 2014. Duk mai son ganin yadda samarin Yamai ke ado da rawa bayan samun ƴancin kai, hotunansa zai nema. A lokacinsu su ma, ai abin yau da kullum suke ɗauka, abin da kowa ke gani ya wuce. Shekaru ne suka mai da shi dukiya.

AMSA GA MASU SUKA

Masu cewa zancen tsaro ne, mun ji ku, kuma ba mu raina maganarku ba. Hanyar Diffa ta ƙofarmu ta bi, kuma tun 2015 kowa ya san abin da wannan jiha ke ciki. Barikin soja, shingen jami'an tsaro, ayarin motocinsu, waɗannan ba wurin hoto ba ne, duk yaron da ya nufe su da waya shi ya jawo wa kansa, kuma ba za mu tsaya masa ba. Amma raƙumi a kasuwa fa? Dabino a kwari fa? In kun ga wanda ba ku yarda da shi ba, akwai mai unguwa, akwai sarkin kasuwa, akwai hukuma. A tambaye shi cikin mutunci, a kira wanda ya san shi. Fizge waya da tilasta gogewa ba tsaro ba ne, fin ƙarfi ne. Kuma mai mugun nufi na gaskiya ba zai tsaya tsakiyar kasuwa yana neman inda haske ya fi kyau ba.

Masu cewa zancen addini ne, malamai sun yi magana a kan hoto kuma akwai saɓani a tsakaninsu, ba mu ne za mu raba wannan gardama ba. Wanda ya ce shi ba ya so a ɗauke shi, haƙƙinsa ne, a sauke waya nan take, ba gardama ba zumɓura baki. Sai dai ba mu taɓa jin malamin da ya hana hoton dutse ko na itacen dabino ba. Kuma wanda ya hana ɗansa ɗaukar tafki, alhali shi kansa yana tura hoton taron ɗaurin aure a guruf biyar, to ya sake duba hujjarsa.

Masu cewa zaman banza ne, ba ya kawo ko dala, sai mu ce: yaron da ya tashi da asuba ya hau dutse don ya riski fitowar rana, da wanda ya kwana yana haɗiyar ƙwaya a lungu, wanne kuke so ya zama naku? Kullum muna kukan matasa sun lalace, ga wasu sun samo abin da ke sa su kallon garinsu da idon ƙauna, mun bi su da tsawa.

KU MA SAMARI, KUNA DA NAKU

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba haka kawai mutane suka tsani ganin an ɗaga waya ba. Wasunku ne suka ɓata sana'ar.

Wa ya ce ku shiga cikin mata wurin biki kuna ɗaukar matan mutane suna rawa, gobe a gan su a TikTok da waƙar da ba su san da ita ba? Aure nawa irin wannan ya girgiza? Wa ya ce in mota ta faɗi a kan hanya, maimakon ku kama a fitar da mutane, ku tsaya ɗaukar gawa, uwa ta ga ɗanta a status kafin a zo mata da labari? Wa ya ce ku ɗauki tsoho ko mai taɓin hankali don a yi dariya? Wannan ba hoto ba ne, cin mutunci ne. Kuma ku sani akwai dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara tsaurarawa a watan Yunin 2024, tana iya kai mutum gidan kaso a kan yaɗa abin da ke zubar da mutuncin wani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai laifi na biyu: wayoyinku cike suke da fuskokinku. Hoto ɗari, casa'in da tara kai ne, ka karkata kai, ka sa tace-fuska har mahaifiyarka ba ta gane ka. Ka je har Kelle, duwatsu na bayanka, amma fuskarka ta rufe su. Juya wayar mana, ɗan'uwa!

Na uku, wanda ya fi ba mu takaici: ba ku ajiya. Status awa 24 ne ya ɓace. Hoton da aka tura ta WhatsApp matse shi ake yi, ingancinsa ya ragu, sai fa in an tura shi a matsayin takarda. Waya ta faɗa rijiya ko a sace ta ranar kasuwa, aikin shekara uku ya tafi. Kuma hoton da babu suna babu rana maraya ne. Bayan shekara ashirin ba wanda zai san wane kwari ne, wane makaɗi ne.

ABIN DA MUKE NEMA

Daga masu ɗauka: ku yi sallama kafin ku ɗaga waya. "Baba, in ɗauke ka?" "Inna, kin yarda?" In an ce a'a, shi ke nan. Wurin kiɗa ku fara gaida makaɗin, ku yi masa alheri kamar kowa, kada ku haska masa fitila a ido yana tsakiyar aiki. Ku ɗauki hannunsa a kan ganga, da kumatun mai algaita, da ƴan amshi, da jama'ar da ke kallo. In an tashi ku tambaye shi cikakken sunansa, garinsu, da wanda ya koya masa, ku rubuta. Ku je gidan hoto ku wanke guda ɗaya ku kai masa har gida, ku ga yadda zai karɓe ku karo na biyu. Kowane hoto mai muhimmanci ya zauna wuri biyu, ɗaya a waya, ɗaya a katin ajiya ko kwamfutar wani amintacce.

Daga iyayenmu: akwai tsofaffin hotuna a ƙasan akwatuna, na Sallah, na samariya, na kokowa, na tafiya Makka, na ranar da aka buɗe lakwal. Gara da zafi na cin su. Ku fito da su yara su ɗauke su da waya, ku faɗa musu su wane ne a ciki tun kuna iya tunawa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Daga meri da gidan matasa da shugabannin lakwal: ba mu ce ku gina gidan tarihi ba. Kwamfuta guda, da mutum guda mai amana, da littafin rajista guda sun isa a fara. Sau ɗaya a shekara, lokacin hutun Sallah da ƴan gari ke dawowa, a wanke hotuna talatin ko arba'in a manna a bango, a kira gari ya zo ya ga kansa. Kuɗin bai kai na kujerun taro guda ba.

Daga sarakunanmu da masu unguwanni da sarakunan kasuwa: kalma ɗaya daga bakinku ta isa. Ku ce ɗan gari da ya yi sallama ya nemi izini, a bar shi ya ɗauka.

Shi kuwa yaron namu, jiya mun gan shi a fada yana ta danne-danne, wai ko akwai dabarar dawo da abin da aka goge. Wasu sun dawo, na mai algaitar bai dawo ba. Mun ce masa tsohon na nan da ransa, ko ba zai iya busa ba zai iya riƙe algaitarsa ya faɗi tarihinta. Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu za mu raka shi, mu uku, da goro da ɗan sukari.

Wanda ke da tsohon hoton Gure, ko Kelle, ko Gamu, ko Alakos, ko wani ƙauye na yankin nan, ya duba akwatinsa yau, kada ya bari sai gobe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.